Haɗa garin sabulun wanki a gida: yana rage kashe kuɗi?

'Yar'uwa, kin tambaya ko haɗa garin sabulu da kanki zai rage miki kashe kuɗi. Zai rage, musamman idan wanki ya yi miki yawa.

Ki samu sabulun wanki mai tauri, ki gurza shi ya yi laushi sosai, ki gauraya kofi ɗaya da kofi ɗaya na sodar wanki. Idan babu ita, ki baza bekin soda a faranti, ki gasa a obin mai zafin digiri 200 a ma'aunin Salsiyas na kamar awa ɗaya, za ta koma sodar wanki. Cokali biyu na garin da kika haɗa sun ishi bokiti, amma ki fara narkar da shi a ruwan zafi, in ba haka ba zai dunƙule ya manne a jikin kaya.

Matsalar tana wajen ruwa. Idan naku irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa ne, sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan yana haɗuwa da sabulun ya bar dauɗa-dauɗa a zare, fararen kaya su dushe a hankali, tawul ya yi tauri. Injin wanki ma yana tara wannan dattin, shi ya sa ni na fi ganin dacewarsa da wankin hannu.

Ki sa safar roba, sodar tana cin hannu. Kada ki kusantar da ita ga ulu ko siliki.