Waya ta ce 32, jikina ya ce ya fi haka

TAMBAYA: Salam Malam. Ni 'yar Bawku ce aure ya kawo ni Nima, waakye nake sayarwa. A gida zafi yana kai 40 amma muna aikinmu, nan Accra waya ta nuna 32 sai kuma wata lamba a ƙasa wai 41, ni kuma zufa kamar an kwara min ruwa. Wacce ce gaskiya don Allah?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Duka biyun gaskiya ne, amma ki fi kama ta biyun. Ta farko zafin iska ne kawai, ta biyu kuma an haɗa da laimar da ke cikin iskar, ita ce abin da jikinki yake ji.

Ki tuna randar ƙasa a Bawku, yadda gefenta ke tsattsafo iska tana busar da shi ruwan ciki ya yi sanyi. To haka jiki yake, sai zufa ta bushe take tafiya da zafi. Nan kuwa ga teku a kusa, iska ta riga ta sha ruwa ta ƙoshi, sai zufar ta tsaya a fata tana ta zuba a banza, shi ya sa ma shanya take daɗewa a igiya.

Wani masani Robert Steadman ne ya fitar da lissafin a 1979, hukumar yanayi ta Amurka ta mai da shi jadawali. Ainihin lissafin dogo ne, wannan ma ya ishe ki: in zafi 32 ne laima kashi 40 cikin ɗari, jiki zai ji kamar 33. Laima ta kai 60 ya zama 38, ta kai 70 ya zama 41, a 80 kuwa wajen 45.

Abin da ya fi damuna ke nan Hajiya, lissafin na wanda ke inuwa ne. Tsayuwa cikin rana tana iya ƙara har 8 a kai, ke kuma ga wutar gawayi da tukunya a gabanki. Don Allah in kin ga 41 ki kafa lema, ki riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo, ki sa kaya marasa nauyi na auduga. In jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya ya kama ki, bar wa yara kwanon ki shiga inuwa ki jiƙa jiki. Wanda kuwa ya fara ruɗewa jikinsa ya yi zafi rau, asibiti za a kai shi nan take.