Hoton nukiliya da dashen haƙori: amsa ga yaron da ke koyon aiki

Kai yaro, kana tambaya ko hoton nukiliya zai nuna mana dashen haƙori, wato ƙusar da ake dasawa a ɗora haƙori a kanta, ya kama ƙashin muƙamuƙi. Ku yaran yanzu kun fi son na'ura da bakin marar lafiya.

Allurar teknishiyam-99m, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, haɗe da MDP, sinadarin da ke kai shi ga ƙashi, ake yi a jijiya, mutum ya sha ruwa sosai, bayan awa 2 zuwa 4 a ɗauki hoto da kyamarar gama, wadda ke ganin wannan tururin. Sinadarin na taruwa inda sabon ƙashi ke tsirowa. Gurbin dashen yakan yi haske ƙwarai a makonnin farko, sannan ya riƙa dushewa cikin watanni. Muƙamuƙin sama ya fi jinkiri, don ƙashinsa ya fi taushi. Dushewar ake bi, shi ya sa hoto ɗaya bai isa ba. Kuma ƙashin da ƙwayar cuta ta kama shi ma haske yake yi. To, a kan wannan za ka tura mutum daga Zariya har Abuja ko Ibadan inda ake da na'urar, ya sha tururin nukiliya sau biyu ko uku?

Abin da ke kashe dashe ai ba a ɓoye yake ba. Wani ɗan kasuwa ya zo nan, ya rantse ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga. An dasa masa ƙusoshin ƙarfen titaniyam biyu a muƙamuƙin ƙasa, sun ɗauru har niyutan-santimita 35 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, an huda ana kwarara ruwan gishiri kada zafin ƙashi ya kai digiri 47 na Salshiyas ya mutu. Aiki tsaf. Aka ce wata uku kada ya tauna komai a gefen. Bai cika wata biyu ba ya dawo, dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya, ƙusa ɗaya tana juyawa a hannu, ga jan goro manne a kan murfinta, ga warin sigari. Da aka auna suga, ta yi sama. Ya hana cikon kuɗi, ya bi Sabon Gari yana cewa jabun ƙarfe aka sa masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don haka kada ka yarda da rantsuwa. Auna HbA1c, gwajin jinin da ke nuna yadda suga ta kasance a watannin baya, kafin ka taɓa wuƙa, ka dubi harshensa da yatsunsa ko akwai alamar goro da taba. Ranar dashe ka rubuta makin ISQ, wato ma'aunin ƙarfin zaman ƙusar a ƙashi, ka sake aunawa kafin ɗora haƙori. In ya haura 70, eksire bai nuna baƙin layi kewaye da ƙusar ba, ɗora. In makin ya faɗi, ƙara masa mako huɗu. Yadda ake ɗinki kuwa, in har yanzu sai an koya maka, koma aji.