Tun yaushe gwamna ya samu ikon ba Sarkin Musulmi sanda?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Sakkwato. A makaranta an koya mana cewa daga nan ake ba sarakunan Kano da Zazzau da Katsina tuta. To, yaya aka yi yau gwamna ne ke miƙa wa Sarkin Musulmi sandar girma, har ma ya iya tsige shi?

Amsa: Ɗana, tushen abin yana cikin mako guda na watan Maris na 1903. Ranar 15 ga wata sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya. Masu dawaki da masu da takubba suka yi karo da bindiga mai ruwa, kafin rana ta take an gama. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a na ta bin sa gari gari, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake amsa sunansa har yau.

Waziri Buhari shi ya zauna ya yi sulhu, don kada a bar talakawa ba mai tsaya musu. Wasu na ganin ya miƙa wuya ne, ni dai ban ga abin da ya rage masa ba.

Ranar 21 ga Maris Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya tara manyan gari aka naɗa Attahiru na biyu. A jawabinsa ya gaya musu ƙarara cewa yadda Fulani suka ci ƙasa da yaƙi, haka Turawa suka ci su, don haka naɗa sarki da cire shi da sa haraji duk sun koma hannun gwamna. Masu zaɓen sarki za su zaɓa, amma sai gwamna ya amince. Daga nan Kano da Zazzau suka daina aiko da gaisuwar shekara, kowane sarki ya koma amsa wa Razdan na lardinsa.

Kuma ba barazana ba ce kawai. A 1931 Turawa suka matsa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari har ya bar gadon sarauta.

Da aka samu 'yancin kai a 1960, ba a mayar da wannan iko fada ba, gwamnati ce ta gaje shi. Sojoji suka zo suka karɓe kotunan alƙalai da 'yan doka daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe abin da ya saura. Shi ya sa a watan Afrilun 1996, zamanin Abacha, gwamnan soja na jiha ya iya tsige Ibrahim Dasuki, aka kai shi Zing a jihar Taraba, aka naɗa Muhammadu Maccido.