Amsa: Rubutu ko alama a maɓallan burauza?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa maɓallan saman burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox, suka koma zane zalla babu rubutu, kuma wanne ya fi sauƙin amfani. Ni dai a ganina alama da sunanta a ƙasa ta fi, musamman ga sabon shiga.

Alamomin da kowa ya haddace ba su da yawa: kibiyar komawa baya, zanen ɗan ƙaramin gidan nan, da gilashin bincike. Sauran sai an koya maka. Na taɓa zaunar da kawuna gaban kwamfuta, na ce ya adana shafin da yake karantawa. Ya daɗe yana lalube, ga tauraron nan na adana shafi a gefen adireshi yana kallonsa. Da na nuna masa sai ya ce, "Au, ni na ɗauka ado ne." Ɗigo ukun nan na Chrome kuwa, wa zai ce tarihi da saituna duk a ciki suke?

A da, tsofaffin burauza irin su Netscape da Internet Explorer suna rubuta suna a jikin maɓalli. Chrome ya fito a 2008 da alamomi kaɗai don shafi ya samu fili, Firefox ma ya cire zaɓin alama da rubutu a siga ta 29, a 2014. Suna da hujja kam, rubutu na cin wuri, kuma gajeriyar kalma a Turanci takan yi tsawo in an fassara ta.

In maɓalli ya shige maka duhu, ɗora linzami a kansa ka ɗan dakata, sunansa zai fito.