Amsa ga ƙanena mai son binciken makanikanci a Jamus

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ne na huɗu a wannan wata da ya turo mini hoton tallar gurbin digirin digirgir, kowa da roƙo iri ɗaya: "Yaya, ka sa mini baki wurin farfesan." A nan sa baki ba ya buɗe ƙofa. Kuma tallar da ka turo tana neman mai digiri na biyu, kai kuwa yanzu ka gama bautar ƙasa. Da ka karanta ta har ƙarshe da ka ga haka.

Bari in faɗa maka abin da ya fi ƙona mini rai. Na zo ƙasar nan da sakamako mai kyau, ina ji da kaina don na iya ANSYS, manhajar da injiniyoyi ke lissafi da ita a kwamfuta. A makon farko malamina ya nuna mini zanen wani ƙarfe mai kusurwa mai kaifi ta ciki, ya ce in lissafa matsin da ke taruwa a wurin. Na yanyanka zanen gunduwa-gunduwa a kwamfuta kamar yadda hanyar lissafi ta FEM take, na samu lamba, na kai masa. Ya ce in ƙara ƙanƙanta gunduwoyin. Lambar ta hau. Na sake, ta sake hawa. Sai ya miƙo mini alƙalamin allo ya ce in bayyana dalili. Na tsaya kamar an dasa ni, ɗalibai uku suna kallona. A lissafi, matsi a irin wannan kusurwa ba shi da iyaka, don haka kwamfuta ba za ta taɓa tsayawa a amsa ɗaya ba. Shekara biyar na yi a aji babu wanda ya taɓa faɗa mini wannan. Wata shida na yi ina kwana da aljebra da lissafin tensa, ga hunturu, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, ga mutanen gida suna bugo waya a kan kuɗin makarantar yara. Yau ni nake duba aikin 'yan digiri na biyu a sashenmu, kuma ba kyauta aka ba ni ba.

Batun kuɗi kuma, kada a ruɗe ka da "karatu kyauta ne a Jamus". Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, gaskiya ne, amma jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart da Karlsruhe suke, tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017. Kafin a ba ka biza kuma sai ka nuna abin da za ka ci, galibi ta rufaffen asusu, wato asusun bankin da ba a cire kuɗinsa sai kaɗan-kaɗan duk wata. A 2024 an ɗaga adadin zuwa Yuro 11,904 na shekara guda. Juya wannan zuwa naira kafin ka sa Baba ya yi zancen sayar da gona. Sai a matakin digirgir ne abin ke sauyawa, domin a fannin injiniyanci yawanci ɗaukarka aiki ake yi da albashi. Ka bi hukumomin ba da tallafin karatu, DAAD ta Jamus da PTDF ta Najeriya, da kanka. Duk dillalin da ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka farfesa, ɓarawo ne.

Ga abin da nake so ka yi. Ɗauki sandar ƙarfe da aka kafe ta gefe ɗaya aka rataya mata nauyi a ɗaya gefen. Lissafa lanƙwasarta da biro da takarda, sannan ka rubuta naka shirin a yaren kwamfuta na Python, ba tare da manhajar ANSYS ko irinta Abaqus ba, ka gwada amsoshin biyu. Turo mini kafin Babbar Sallah. Idan na gani, zan zauna in duba wasiƙarka ta neman gurbi layi-layi. Ka gaida Inna.