Yadda enzayim ɗin ferokilatas ke cusa ƙarfe cikin zoben hem

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun bayokemistiri daga Kabuga, Kano. Mun gwada ferokilatas (enzayim ɗin da ke sa ƙarfe, wato ayon, cikin zoben fofirin a samu hem, sinadarin da ke sa jini ja) na bakteriyar Bacillus subtilis: da zink ya yi aiki, da ƙarfe kuwa shiru. Ta yaya yake kama ƙarfen, kuma me ya hana?

Amsa: 'Yata, fara duba irin fofirin da kika ba shi. Littattafai da yawa har yanzu suna cewa ferokilatas yana sa ƙarfe cikin frotofofirin IX. Haka yake a jikin mutum da bakteriyar E. coli. Amma a 2015 aka nuna cewa Bacillus, Staphylococcus da Listeria wata hanya suke bi: ƙarfen yana shiga kofrofofirin III mai rassan frofiyonet huɗu, a samu kofrohem, sannan wani enzayim mai suna ChdC ya mayar da rassa biyu zuwa binil, hem ya kammala. Wato kofrofofirin III ne ainihin abin da enzayim ɗinki ke aiki a kansa.

Ferokilatas na Bacillus ƙwayar furotin ɗaya ne, yana narkewa a ruwa, yana da ɓangarori biyu da rami a tsakaninsu. Zoben fofirin a shimfiɗe yake, nitrojin huɗu na kallon tsakiya, biyu daga ciki riƙe da haidrojin. Idan ya faɗa ramin, enzayim ɗin yakan matse shi ya ɗan lanƙwasa kamar faifai, nitrojin su karkato waje inda ƙarfe zai same su. Ana ganin wannan lanƙwasawar ita ce ginshiƙin aikin, shi ya sa fofirin mai metil a kan nitrojin, wanda dama a lanƙwashe yake, ke maƙalewa a ramin ya tsayar da komai. Amino asid biyu na enzayim ɗin, histidin 183 da gulutamet 264, na nan a bakin wurin, kuma a hotunan kiristal an ga ƙarfe ɗaure da su. Ƙarfe ya shiga, haidrojin biyu su fita, a saki zoben.

Matsalarki kusan tabbas iska ce. Ƙarfe na zuwa a siffar Fe2+ ko Fe3+; Fe2+ kaɗai enzayim ɗin yake karɓa a cikinsu, kuma a pH 7.5 zuwa 8 oksijin na saurin mayar da shi Fe3+, wanda bai da amfani gare shi. Zink ba ya wannan sauyin. Ki haɗa ruwan ƙarfen sabo daf da gwaji, ki busa iskar nitrojin cikin bafa (ruwan da ke daidaita pH) don korar oksijin, ki rufe kwalbar. Ki guji sinadarin EDTA da bafar fosfet, duk suna ƙwace ƙarfen. Ki nannaɗe kwalbar fofirin da takardar aluminiyam saboda haske.

Wajen aunawa, a ƙarƙashin haske na kusan nanomita 400 fofirin yana ƙyallin ja. Da ƙarfe ya shiga, ƙyallin ya mutu. Da zink kuwa yana nan, sai dai ya ɗan gusa. Wannan zink ɗin ba ƙaramin abu ba ne a asibiti: idan ƙarfe ya yi ƙaranci a jiki, ko gubar dalma ta shiga kamar yadda ta faru da yaran Zamfara a 2010, ferokilatas na mutum zink yake cusawa, kuma ana auna wannan fofirin mai zink a jini.