Amsa ga Hajiyar da ke neman wurin kai yara wasa cikin itatuwa

Assalamu alaikum Hajiya, ina gajiya, ya gida ya yara. Tun jiya da dare na ga tambayarki amma sai yanzu na samu zama. Kin ce kin ga bidiyo na ƙasar Turai yara na wasa cikin kurmi, suna hawan kututture suna lilo da igiya suna kafa bukka da rassa, kina tambaya ko akwai inda za ki kai ɗiyanki su yi irin haka a nan Maraɗi lokacin hutun lakwal, kuma ko babu haɗari. To ni na daɗe ina fita da nawa guda uku, bari in ba ki abin da na gani da idona.

Abin da kika gani ɗin gaskiya ne, a Danmak da Jamus har makarantun ƙananan yara gare su waɗanda cikin daji ake wuni, ruwa ko sanyi. Amma ki sake kallon bidiyon da kyau ki gaya mini mi ke ciki, icce ne da ƙasa da igiya, sai babba ɗaya tsaye can gefe yana sa ido. Wallahi abin da munka tashi ciki ke nan ni da ke, mu da munka yi shanun laka da motar kara munka sha lilo a tsamiyar bayan gari. Saboda haka kar ki tsaya jiran wuri mai shinge da mai yankan tikiti bakin ƙofa, wurin yana nan, ɗiyanmu ne kawai munka kulle tsakanin katanga da waya.

Mu inda muke zuwa gonar dangin maigidana ce a wani ƙauye kan hanyar Madarumfa, bayan an gama girbi an kwashe hatsi, gona ta zama fili ga gawo ga kalgo ga magarya ga wata tsohuwar tsamiya. Idan kina da dangi a ƙauye, kuma wa ke Maraɗi da bai da, to can za ki fara, don wurin da anka san ki ya fi wurin da ya fi kyau. In ba ki da, ki samu wanda zai gabatar da ke ga mai gona ko mai gari, a yi sallama a nemi izini, kar a faɗa gonar mutane haka kawai da mota.

Kuma itatuwan nan da kike gani cikin gonaki suna da labari, ni ina ba yarana shi duk zuwa. Surukina yana cewa lokacin yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari, in ka tsaya gona sai ka hango ƙauyen gaba babu abin da ya tare maka ido, iska na kwasar ƙasa tana binne shuka. A shekarun nan ne wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo da ke aiki nan Maraɗi a lokacin tare da manoma sunka fara abin da ake ce ma sassabin zamani, wato maimakon a sassabe tohon da ke fitowa daga tsohon kututture a ƙone, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su a rage sauran, su girma su zama icce. Yau mutane daga ƙasashe suna zuwa koyon abin wurinmu. Babban ɗana da kakansa ya nuna masa yadda ake zaɓen reshen da za a bari, har yau in mun je sai ya fara zuwa duba kalgon da ya ce nasa ne.

Zuwanmu na farko ni na ɓata shi da kaina, kuma shi ya sa nike rubuto miki wannan dogon bayani. Na sa musu kayan salla, na shimfiɗa tabarma na ce kowa ya zauna, wanda ya motsa in ce kar ka taɓa, kar ka hau, dawo nan, za ka ɓata riga. Ba a yi awa guda ba sunka fara cewa Mama ba mu waya, auta na kuka, ni raina ya ɓaci na ce ashe wahalar banza munka yi. Kakarsu ce ta kira ni gefe ta ce ke kin kawo su daji ko kin kawo su zaman makoki, sake su. Ta kira yaran maƙwabta guda huɗu ta haɗa su da nawa. Hajiya abin da na gani ranar nan bai fita raina ba, ɗiyata ta tsakiya wadda ko ƙadangare ta gani a gida sai ta yi ihu, ita ce na hango saman reshen tsamiya ƙafa na reto tana kiran ƙanenta. Yaran ƙauyen sunka koya musu jifar magarya da sanda, da yadda ake ɓare aduwa a tsotsa, sunka tara karan hatsi sunka kafa bukka har da ƙofa, sunka yi langa sunka yi ɓuya, da azahar da ƙyar munka tattaro su cin abinci, kuma yaron da nike bi da cokali a gida shi ya cinye kwanon dambu ya nemi ƙari. Tun ranar na gane aikina shi ne in duba wurin kafin su fara, in na gama dubawa in kama bakina.

Duban kuwa ba na wasa ba ne. Kafin a saki yara babba ya zagaya da sanda, ya bubbuga tarin kara da gindin icce da ramuka, don kububuwa da kunama nan suke laɓewa, kuma a gaya ma yara ƙarara ba a sa hannu cikin rami ko kogon icce, ba a ɗaga dutse ko tsohon kututture da hannu. A ɗaga kai a duba sama ko akwai zuma ko rina, kuka musamman tana yawan ajiye zuma. Reshen da za a ɗaura lilo babba ya fara rataya da nauyinsa ya ji. Tsamiya da bedi sun fi daɗin hawa, gawo kuwa inuwarsa ce kawai, yana da ƙaya. Shi gawo ma abin nuna ma yara ne, da damina yake zubar da ganye lokacin da kowa ke kore, da rani ya yi shar, shi ya sa manoma ke son shi cikin gona, kuma za su ga awaki na rububin 'ya'yansa. In Allah ya kiyaye maciji ya sari yaro, ba a tsaga wurin ba a tsotsa ba a ɗaure da igiya tamau, a hana shi tafiya da gudu, a ɗauke shi a kai likita nan take. Shi ya sa ba mu zuwa inda babu reso na waya ko inda mota ba ta isa.

Sai tsirrai. Doka ɗaya na kafa, ba a kai komi baki sai an nuna ma babba. Magarya, aduwa, kanya, goruba, tsamiya duk a sha lafiya. Amma tumfafiya a bar ta, autana ya taɓa fasa ƙwallonta yana wasa ya murza ido da nonon, munka yi ta wanke masa da ruwa mai yawa yana ihu har sai da munka kai shi likita, Allah ya taimaka idon bai samu komi ba amma na ji tsoro ranar. 'Ya'yan cin da zugu da zaƙami su ma guba ne, ki nuna musu su san su da ido tun ranar farko.

Maganar ruwa ita ce ba ni sassauci a kanta. Tafkin Madarumfa yana da kyau ƙwarai, kilomita ashirin da 'yan kai ne daga gari, ga masunta da jiragensu ga tsuntsaye masu zuwa lokacin sanyi ga kushewun waliyyai 99 da ake faɗa kewaye da shi, ki kai su su gani su sayi kifi. Amma kallo kawai. Banda haɗarin nutsewa, ruwan kwance irin na tafki da gulbi shi ke kawo tsargiya, ƙwayar cutar na fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata ko yaro bai sha ruwan ba, sai bayan makonni a ga fitsarin jini. Ɗan yayata ya yi ta bayan wanka a wani kududdufi, ya ɓoye don kunya har sai da uwar ta gani a wando.

Dajin Baban Rafi kuwa duk da shi ne babban dajin da muke da shi nan kudu, ni ban ba ki shawarar kai yara ba, kin san halin da bakin iyaka ke ciki da masu satar mutane. Ko ƙauyen da muke zuwa sai mun buga waya mun ji lafiya kafin mu tashi, kuma la'asar na yi mun kamo hanya. Gandun dajin Gadabeji inda anka mai da raƙuman dawa guda 8 daga Kure ta kusa da Yamai a 2018 yarana na ta roƙo, amma sai an wuce Dakoro, tafiya ce ta shiri da kwana tare da ma'aikatan gandun daji, ba fitar wuni ɗaya ba.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa ta bushe ana ganin ƙasa, sauro ya ragu, magarya ta nuna. Ranar da hazo ya yi yawa mu kan fasa saboda mai tari. Afrilu da Mayu kar ma ki fara, zafi na wuce 40. Babban hutun lakwal kuma damina yake faɗawa, gonaki cike da shuka ga ciyawa ga sauro, to hutun ƙarshen Disamba ya fi, ko wata Lahadi ku fita da sassafe.

Ki sa musu tsofaffin kaya da takalmi sau-ciki, silifa ba ta tare tsidau kuma ƙarangiya za ta cika musu safa ko ya aka yi, haƙuri za su yi su cire. Ruwan sha ki ɗauki bido ya fi abin da kike zato, da buta da sabulu da tabarma da igiya mai kauri, da ɗan hantsaki na cire ƙaya. Ki riƙe ma mutanen gona ɗan sukari ko sabulu ko goro, leda kuma duk wadda kunka zo da ita ku koma da abinku don awaki na ci su mutu. Kayan wasan yara na kanti ki bar su gida, ko kallonsu ba za su yi ba.

Mu in Allah ya kai mu muna shirin komawa da zarar an gama ɗaurin hatsi, motar na da sauran wuri, in kina so ki yi mini magana ki zo da naki a haɗa su da nawa.